Koren Abbunki

Tarannum, ke Tarannum, ina kika shiga ne 'yar nan? Sau uku ina kiranki tun safe, waya tana ta ƙara ba a ɗauka, sai Gulnaz ta ce ai wannan satin aikin safe kike, kuma ba a barinku da waya a ɗakin marasa lafiya. Shi ne na ce bari in zauna in rubuta da ɗan yatsana guda, in kin tashi kya gani. Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Iftikhar da jikokina, Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a aikinki, ya haɗa ku da mutanen kirki a wannan gari na Hyderabad. Mu nan sai godiya. Gwiwata ta yi sauƙi tun da na daina hawa saman ɗaki shanya. Yayanki Shoaib yana nan yana zuwa kamfanin kwalabe, ya ce inji ne ke komai, shi nasa tsayuwa da kallo, ya yi ƙiba har wandonsa na Sallah ya ƙi shiga. Matarsa Gulnaz ta shiga wata na bakwai, ba abin da take so sai mangwaron nan da na jiƙa a mai da barkono, ta kusa ƙarar min da tulun. Ruwa kuma bana ya sauka sosai, lungunmu ya zama taɓo, masu kurar awarwaro sai sun tattare wando suke shigo da kaya, an ce kogin Yamuna ya cika har ya shiga kwazazzaban Chandwar.

Maganar mahaifinki ce, Abbunki, ta sa nake nemanki. Kar gabanki ya faɗi, yana nan da ƙafarsa, yau ma ya ci gurasarsa ta roti biyu da shayi kafin ya fita. Idonsa ne. Kuma idon nan ya jawo abin da in ba a yi da gaske ba, zai raba shi da bakin tanderun da ya yi shekara talatin da takwas a tsaye. Bari in ɗauko miki daga farko, don in na ce zan taƙaita ma ba iyawa zan yi ba.

Kin san in watan Sawan ya ƙarato garin nan ba ya barci. Duk matar Hindu mai aure sai ta sa koren awarwaro a hannu, daga nan har Patna, kuma duk daga garinmu Firozabad za a ɗauka. Wani ɗan kasuwa daga Banaras ya ba Lala Girdhari, mai kamfanin su Abbunki, aikin kore mai yawa, ya ce koren Ustad Matlub yake so, wato Abbunki, irin na ganyen lalle sabon tsiro, shi ya saba kai wa masu sayensa. Lala ya ce an gama. Abbunki ya haɗa launi yadda ya saba tun kina goye, ba sikeli ba takarda. Ya ɗebi garin wannan, ya ɗebi na wancan, ya zuba a kan yashi da fasasshen gilashi, in ya narke a ɗebo masa kaɗan a bakin ƙarfe, ya bari ya huce, ya fita bakin ƙofa ya ɗaga wa rana. In bai yi masa ba ya ƙara. Wannan karon ya ce koren ya cika rawaya, kamar ciyawar da ta fara bushewa, sai ya ƙara garin shuɗi. Ya duba, ya ce da saura, ya ƙara. Sai da ya ƙara sau uku kafin ya ce yauwa, ya yi. Mutanen da ke wurin sun ga abin da ya fito, amma wa zai buɗe baki ya ce wa Ustad launi bai yi ba? Aka ja zare, aka naɗe, aka yanka, kwana da kwanaki ana yi.

Mu matan lungu mu muka fara gani da kyau, tun da wurinmu ake kawowa a miƙe awarwaron a haɗa bakinsa a wutar fitila. Ranar da kura ta sauke kason gidanmu, ni da Gulnaz da maƙwabciyarmu Ramkali muna ɗakin fitilu, mun rufe taga, mun kashe fanka don kar harshen wuta ya kaɗa, zufa tana ta bin bayanmu. Ramkali ta ɗauki guda ta juya, ta kalle ni, ta mayar. Ta sake ɗaukar wani ta je ta buɗe taga kaɗan ta duba. Sai ta ce min a hankali, ita dai in mijinta ya kawo mata wannan a Sawan, za ta tambaye shi wace matar yake saya wa. Gulnaz ta yi dariya, ni ban yi ba. Tarannum, ba kore ba ne. Shuɗi ne mai ɗan duhun kore, irin wuyan ɗawisu. Kyakkyawa ne, wallahi kyakkyawa, amma ba shi aka ce a yi ba. Kafin la'asar duk lungu an sani, gida gida ana haɗawa ana kallon juna. Ba wadda ta kai magana waje, saboda rabin mazajensu Abbunki ne ya kama hannunsu ya kai su bakin aiki. Har suna suka sa wa launin a tsakaninsu, wai ɗawisun Ustad.

Ni kuma na yi nawa laifin, ba zan ɓoye miki ba. Kwana takwas ina haɗa bakin awarwaron nan ban ce komai ba. Sau ɗaya na gwada, yana cin abinci, na ce baban Shoaib, koren bana kamar ya ɗan yi sanyi. Ya ajiye cokali ya ce matar da ta yi shekara talatin tana ƙura wa fitilar kananzir ido ita ce yau za ta koya masa launi? Ya ce in je a duba min ido, shi zai raka ni. Sai na ja bakina. A raina ma har na fara cewa wata ƙila ni ce, don ni ma zaren allura sai Gulnaz ta sa min. Da na tsaya na dage a ranar, da ba a kai inda aka kai ba. Wannan yana nan yana cina.

Mutumin Banaras ya zo da kansa ɗaukar kaya. An ce ya kwance ɗauri ɗaya, ya duba, ya kwance na biyu, sai ya tambayi Lala ko wasa ake yi masa. Ya ce ba macen da za ta je gidan iyayenta hawan lilon bikin Sawan da shuɗi a hannu, ya bar kayan ya koma tashar Tundla ko ruwa bai sha ba. Lala ya aika a kira Abbunki. Abbunki ya ɗaga awarwaro a gaban kowa ya rantse kore ne, koren da ya saba. Da ya ga fuskokin mutane, sai ya ce to in ma akwai wani abu, daga wuta ne, an bar ta ta yi ƙasa cikin dare ta ɓata launi. Kin san wa ke tsaron wuta. Chacha Chote Lal ne, wanda ya ɗauke ki a kafaɗa ya kai ki kallon baje kolin Ramlila kina 'yar shekara huɗu, wanda suka fara aiki rana ɗaya da Abbunki. Lala ya ce Chote Lal ya zauna a gida tukuna. Shi kuma ya ɗauki kwanon abincinsa ya fita. Washegari matarsa ta zo ta zauna a dokin ƙofarmu. Na kawo shayi, ta ce ta gode. Ba ta sha ba, ba ta yi faɗa ba, ta yi zamanta kamar rabin awa tana kallon tsakar gida, sannan ta tashi ta gyara mayafi ta tafi. Gara min da zagina ta yi.

Kar ki ce Abbunki ƙarya ya yi da gangan. Har ga Allah kore yake gani. Kuma zargin wuta ba daga sama ya ɗauko shi ba, wuta ta taɓa yi masa haka. Ke ƙarama ce ba za ki tuna ba. Kakanki da itace ya fara, a ɗan tanderun ƙasa, yana narka fasassun kwalaben turare, kakarku Dadi ta ce haka ma sana'ar ta faro a garin nan tun zamanin sarakunan da, da abin da aka fasa aka zubar. Daga baya aka koma gawayin dutse, shi Abbunki ya tarar. Lokacin ba a shanya farin kaya a waje, in kin yi tari baƙi ne ke fita. Sai kotu ta ce hayaƙinmu yana tafiya har Agra yana sa farin dutsen Taj, babban kabarin matar sarkin nan, yin rawaya, a kashe gawayi a jawo bututun gas. Mutane suka yi ta cewa kabarin matacciya ya fi rayayyu daraja. Tanderu da yawa suka mutu a lokacin, maƙwabtanmu na farko ma a nan suka tattara suka koma Delhi ɗinki. Kuma wutar gas ba ta dafa launi yadda gawayi ke dafawa, ja ya riƙa fitowa kamar ruwan shayi, masu haɗa launi manya manya suka rasa kansu. Abbunki ya yi wata huɗu yana dawowa da ƙuna a hannu har ya sake gano kowane launi daga farko. Tun daga nan Lala ba ya musu da shi. Shi ya sa har yanzu in ya zauna da abokansa a shagon shayin kusa da kabarin Firoz Shah, yake cewa gidanmu ya ga wuta uku kuma ba wadda ta kayar da mu. Mutumin da ke faɗin haka, ya za a yi ya fara zargin idonsa?

Shi kuma ɗan Lala, Babu Nitin, wanda ya yi karatu ya dawo, dama ya daɗe yana cewa a daina aikin ido, a kawo sikeli, a rubuta kowane launi a takarda, kowa ma ya iya haɗawa. Yana cewa gas ya yi tsada, awarwaron roba da na ƙarfe sun cika kasuwa, 'yan mata ba sa son abin da ke fashewa, ba halin a yi ta asarar tanderu guda saboda girman mutum ɗaya. Abbunki yana cewa takarda ba ta san fasasshen gilashin yau ya bambanta da na jiya ba, ba ta san yashin da ya zo daga Rajasthan da damina yana da danshi ba. Ni dai ina ganin kowa da gaskiyarsa. Shoaib ma a ɓoye bayan Nitin yake, sai dai ba ya faɗa a gaban ubansa. Abin da na sani shi ne yanzu Nitin ya sami abin nunawa, ɗaki guda cike da kayan da ba mai saye.

To ga yadda Allah ya yi ikonsa. Shekaranjiya da la'asar bayan an ɗauke ruwa, yana dawowa a keke, ɗan ƙwaron damina ya faɗa masa a idon dama. Ya shigo yana murzawa, ido ya yi jajir yana ta hawaye. Na wanke masa, na ɗiga ruwan fure, na yagi tsohon mayafina na ɗaure masa wannan gefen, na ce ya zauna a gadon igiya ya huta. Ragowar kayan nan da ba a zo an kwashe ba suna jibge a gindin bango, rana ta ɗan fito ta haske su. Ina tsugune ina tsintar shinkafa sai na ji ya ce, "Maman Shoaib, shuɗin nan na wane kamfani ne kika karɓo?" Na ɗaga kai na ga inda yake kallo. Na ajiye tiren. Na ce, "Naka ne."

Ya sa hannu ya ɗaga ƙyallen, ya rufe na hagu da tafinsa, ya duba. Ya sauke ƙyallen, ya buɗe na hagu, ya duba. Ya yi ta yin haka, ɗagawa da saukewa, ban ƙirga ba amma ya fi goma. Ya tashi ya ɗauko guda ya fita ƙofar gida ya ɗaga wa rana kamar yadda yake yi a wurin aiki, ya duba da wannan ido, ya duba da wancan. Ya kalli bangon masallaci, ya kalli farar rigar da ke jikinsa. Da ya dawo ya zauna sai ya ce da na dama komai kamar an jiƙa shi a ruwan shayi, kuma bai san tun yaushe ba. Ya ce ashe na daman ne ke jan na hagun, don na hagun ya saba kannewa in zai duba launi. Gulnaz ta leƙo daga ɗakin girki, na yi mata alama ta koma. Har aka kira magariba yana riƙe da awarwaron nan yana juyawa. Abincin dare ma loma biyu ya yi. Abin da kawai ya ƙara faɗa shi ne sunan Chote Lal, sau ɗaya, ba da ni yake ba.

Jiya bai je aiki ba, karo na farko tun rasuwar Dadi. Na ce masa yanar ido ce, irin wadda Tarannum ke cewa suna cirewa kullum kamar cire ƙaya, mu je Agra a duba. Ya ce a'a. Ya tuna min da Hafiz Bashir mai yankan awarwaro, da aka yi wa aiki a tantin kyautar nan shekarun baya, idon ya ruɓe ya tafi gaba ɗaya. Na ce wancan zamani daban. Ya ce kuma in an cire yanar an sa masa sabon gilashi a ido, wa ya san wane irin kore zai nuna masa? In ya ga wani kore daban da wanda ubansa ya koya masa, da wanne zai yi aiki? Ya ce ido ɗaya na Allah ɗaya na kamfani, in suka yi gardama wa zai raba? Har ya so ya ba ni dariya, amma da gaske yake. Ya ce shi zai iya ɗaure na dama ya yi aiki da na hagu. Na ce na hagun ma wa ya ce maka lafiyarsa lau, tun da na daman ma ba ka sani ba sai da ƙwaro ya gaya maka? Ya harare ni da ido ɗaya. Na bar shi, don na san shi, in aka tura sai ya kafe.

Ni kaina tun ranar nake ta tunani. Ina zaune gaban fitila sai in rufe ido ɗaya in buɗe ɗaya, in ga ko nawa ma sun yarda da juna. Mutum ya yi ta kallon duniya yana cewa ta sauya, rana ba ta da haske irin na da, fenti ba ya kyau irin na da, ashe a cikin ƙwayar idonsa abin yake. Shekara biyu ke nan yana min mitar wai ba na wanke masa riga ta fita, na sauya sabulu har kala uku. Garin nan kowa da inda wuta take cinsa, mai ɗebo narkakke ƙirji, mai jan zare kunne da baya, mu mata ido da yatsu. Muna sani, muna yi, don babu gidan da tukunyarsa ba a kan wutar nan take ba. Na gode wa Allah da ke kika fita, ko da yake ranar da jirgi ya ɗauke ki na yi kwana uku ban haɗa baki ko ɗaya daidai ba.

Yau da safe ya ce in fito masa da kayansa na Juma'a, alhali Laraba ce. Ya cire ƙyallen, ya sa tozali, ya ɗauki awarwaro ɗaya daga cikin shuɗin ya sa a aljihu. Ya ce gidan Chote Lal zai fara zuwa, in ya yarda ya bi shi, su je wurin Lala tare, ya faɗa a gaban waɗanda ya yi rantsuwar a gabansu cewa wuta ba ta da laifi. Na ce in Nitin ya ce shi ke nan, ka zauna a gida fa? Ya ce to sai ya zauna, amma ba zai tsaya a bakin tanderu wani yana zaune a gida a madadinsa ba. Ya ce zai roƙi Lala ya ba shi zuwa lokacin jajayen awarwaro, na azumin matan aure da bukukuwan bayan Diwali, in ya dawo idonsa bai ba da ja daidai ba, shi da kansa zai zauna da Nitin ya faɗa masa komai ya rubuta. Ya tura keke har bakin ƙofa, sai ya tsaya bai juyo ba, ya ce, "Ki rubuta wa yarinyar nan layi biyu, ki ce ta tambayi likitansu wace rana yake da wuri. Kar ki cika ta da surutu."

To ga abin da nake so ki yi min, 'yata. Ki sami babban likitan naku, ba yaran ba, ki gaya masa aikin Abbunki launi ne, ki tambaye shi ko sabon gilashin yana nuna abu yadda yake. Ki tambaya kwana nawa ne kafin mutum ya iya fuskantar wuta, don wutarmu ba ta girki ba ce. In ido biyun za a yi, a faɗa mana tun yanzu. A sa ranar da wuri, kafin ya sake tunani, kuma kafin watan Gulnaz ya tsaya, don ni zan rako shi, ba zan bar shi ya hau jirgin ƙasa kwana guda da yini shi kaɗai ba. Uwar Gulnaz ta ce za ta zo ta zauna da ita. In kin kira shi kar ki yi masa kuka, kar ki yi masa faɗan me ya sa bai faɗa ba. Ki yi masa maganar aiki kai tsaye yadda kike wa marasa lafiyarki, ya fi jin wannan.

Ki gaishe min da Iftikhar, ki ce ina godiya da maganin gwiwa. Ki gaishe da surukarki da kyau, Allah ya ƙara mata sauƙi. Ki shafa min kan Ariba da Rayyan, ki auna min hannun Ariba da zare ki faɗa min, don awarwaron bara na san sun matse ta. Shoaib da Gulnaz suna gaisuwa, Khala Sajida tana gaisuwa, Ramkali ta ce in gaya miki

Tsaya, ana buga ƙofa. Shi ne, ina jin ƙararrawar kekensa, kuma ba shi kaɗai ba ne, ga tarin Chote Lal nan a bayansa, yana cewa a ɗora shayi. Yanzu zai ce in karanta masa abin da na rubuta, zan karanta masa gaisuwa da tambayar rana, ke ma in ya tambaya iyakar abin da kika gani ke nan. Bari in aika. Ammi ɗinki, Mehrunnisa.